Darasi na Tara: Idan Gwamnati Za Ta Sayar Maka da Gidan da Kake Haya

A Zariya akwai gidajen hukuma da yawa: kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Sabon Gari, gidajen ma'aikatan jami'a a Samaru da Kongo, da tsofaffin gidajen gwamnati a GRA. Wani direba ko masinja yakan shekara ashirin a irin wannan gida, ya aurar da 'ya'yansa a ciki, har ya dasa mangwaro ya ci 'ya'yansa. Duk da haka gidan ba nasa ba ne. Daɗewa a gidan haya ba ta mayar da ɗan haya maigida. Abin da ke mayar da shi maigida shi ne ciniki da biya da takarda.

Wani lokaci gwamnati takan sayar wa mazauna gidajen da suke ciki, har da rangwame. Ƙasar da ta fi suna a wannan harka ita ce Ingila, don haka za mu fara da ita, tunda su sun rubuta ƙa'idojinsu dalla-dalla.

A shekarar 1980, zamanin Firaminista Margaret Thatcher, aka yi dokar da ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi 'yancin sayen gidajen. Ga yadda ƙa'idar take a shekarar 2024. Sai mutum ya yi shekara 3 yana haya a gidan hukuma, kuma gidan ya zama nan ne ainihin mazauninsa. Wanda ya cika shekara 3 zuwa 5 ana rage masa kashi 35 cikin 100 na kuɗin gidan. Bayan shekara 5, kowace shekara ana ƙara masa kashi 1, amma ba za a wuce kashi 70 ba. Idan ɗaki ne a gidan bene na haɗaka, ana farawa daga kashi 50. Akwai kuma iyakar kuɗin da rangwamen ba zai haura ba. A watan Nuwamba na 2024 aka rage wannan iyaka sosai, ta koma tsakanin fam 16,000 zuwa 38,000, gwargwadon yankin da gidan yake.

Mu yi lissafi da naira domin sauƙi, mu ajiye maganar iyaka a gefe. A ce an yi wa gida kuɗi naira 10,000,000, kuma mai hayar ya shekara 10 a ciki. Shekara 5 na farko sun ba shi kashi 35, sauran 5 sun ƙara masa kashi 5, ya zama kashi 40. Rangwamensa naira 4,000,000 ke nan, zai biya 6,000,000.

To amma rangwamen yana tafe da sharaɗi, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Wanda ya sayar da gidan kafin shekara 5 sai ya mayar da rangwamen. A shekarar farko zai mayar duka, a ta biyu kashi 80, a ta uku 60, a ta huɗu 40, a ta biyar 20. Idan kuma zai sayar kafin shekara 10, dole ya fara yi wa hukumar tayi kafin ya kai kasuwa. Dalilin a fili yake. An rage kuɗin ne domin iyali su sami wurin zama, ba domin a ci riba da dare ɗaya ba. Mu a ganinmu wannan sharaɗi ya yi daidai.

Tsarin bai tsira daga suka ba. An sayar da gidaje kusan miliyan 2 a Ingila, ba a gina kwatankwacinsu ba, sai talakan da ya zo daga baya ya rasa inda zai shiga. Sukotlan da Wales, maƙwabtan Ingila a cikin Birtaniya, su ma sun yi wannan tsari, amma Sukotlan ta soke shi a 2016, Wales ta bi baya a 2019.

A Najeriya abin ya sha bamban. Babu wata tsayayyar doka da ta ce duk mai haya a gidan gwamnati yana da 'yancin saye. Sai gwamnati ta ga dama ta fitar da sanarwa, kuma kowace sanarwa da nata sharuɗɗan. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fara ba ma'aikata kuɗin gida a cikin albashi maimakon ba su gida. A 2005, lokacin da Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnatin tarayya a can, aka ba ma'aikatan da ke ciki damar farko. Da ya zama gwamnan Kaduna, jihar ta sayar da gidajen ma'aikata da dama ta hanyar gwanjo. A gwanjo kuwa wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Saboda haka kada ka dogara da "an ce". Nemi sanarwar kanta, ka karanta, ko ka kawo ta aji mu karanta tare.

Ko kafin a yi wata sanarwa, tattara takardunka: takardar da aka ba ka gidan, takardun albashi da ke nuna ana cire kuɗin haya, da rasit na ruwa da wuta. Duba sunan da ke jiki. Idan maigida ya rasu, uwargida da 'ya'ya na zaune a gidan da sunansa, su je ofis su ji matsayinsu tun da wuri. Kada su jira sai ranar ciniki.

Sai maganar kuɗi. Ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Kuɗin ruwansa kashi 6 ne a shekara, kuma biya kan kai shekara 30. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya tuntuɓi bankunan da ba sa harka da shi, irin su Jaiz. Ka yi hattara da mai kuɗin da zai zo ya ce, "Baba, kawo takardarka in biya, in ba ka na goro." Gidan zai koma nasa, kai ka koma neman ɗakin haya da tsufanka. Kuɗin gida kuma a banki ake biyansa, cikin asusun da sanarwa ta ambata. Ba a damƙa shi a hannun kowa, ko da babban ma'aikaci ne.

Bayan biya, da sauran aiki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka sai ka nemi takardar shaidar mallaka da sunanka. A jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke wannan aiki. Daga ranar kuma, kwanon da ke yoyo, da katakon da gara ta ci, da masai idan ya cika, da kuɗin ƙasa na shekara, duk suna wuyanka. Kai magini ya duba gidan kafin ka sa hannu, ka haɗa kuɗin gyara da kuɗin saye.

Aikin aji

1. An yi wa gida kuɗi naira 8,000,000, mai hayar ya shekara 15 a ciki. Bisa ƙa'idar Ingila, kashi nawa za a rage masa, kuma nawa zai biya?

2. Mutumin da muka yi lissafinsa a sama ya sayar da gidansa a shekara ta biyu, kuma farashin gidan bai canja ba. Nawa zai mayar daga cikin naira 4,000,000?

3. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban ofishinku kana neman kwafin takardar da aka ba ka gida. Sa kwanan wata, da lambar gidan, da shekarar da ka shiga, sannan ka sa hannu.