Yadda za ka gina tulun ado na siminti a lambunka

Ɗan uwa in kana son abin ado a lambu nan Kumasi, ka bar katako. Masu sassaƙan Ahwiaa, garin da ke kusa da Kumasi, gwanaye ne wallahi, amma aikinsu na cikin ɗaki ne, ka ajiye shi waje ruwan sama da gara su gama da shi. Siminti ne maganin.

Ni tulu nake ginawa ko babbar ƙwarya, ba na yin siffar mai rai.

Ka fara da ƙarfe. Je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe a Kumasi, ka nemo guntayen rodi, mai walda ya haɗa maka su siffar tulun, sai ka naɗe da ragar waya ka ɗaure tamau. Kwaɓin kuma kwano 1 na siminti, 3 na yashi tankaɗaɗɗe, ruwa kaɗan kaɗan har ya yi kauri kamar tuwo, ka riƙa shafawa siriri ka bari ya kama kafin ka ƙara wani, kar ka lafta duka rana ɗaya don zubowa zai yi. Sa safar hannu, siminti na cin fata sosai.

Zane kuwa tun yana da ɗanshi za ka yi da ƙusa ko cokali.

Inda mutane ke ɓata aikin shi ne shayarwa. Rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, kullum ka yayyafa ruwa har kwana 7, balle lokacin hunturu da iska ke tsattsaga shi. Ka huda gindin kar ruwa ya kwanta sauro ya samu gida.