Idan fendar gaba ta lotse

Salam 'yan uwa. Wanda fendar gaban motarsa ta lotse, ba dole sai ya kai gareji ba, zai iya canza ta da kansa. A yawancin Toyota da Honda kusoshi ne ke riƙe da ita, sifana mai lamba 10 ta isa. Ka shiga Panteka, kasuwar kayan gyaran mota, ka nemi ta Beljiyam, wato ta hannu, amma tafi da tsohuwar a gwada, don ta Corolla 2005 ba ta shiga 2010. Wajen cire fendar, fara sassauta bamba da fitila. Kada ka ɗaure tamau sai ka ga ƙofa na buɗewa ba ta gogar ta.

Fenti kam, a bar wa masu feshi, launi da wuya ya dace. Fendar baya kuwa walda ce, sai fanal bita.