Dashen haƙori ba haƙorin Makka ba ne

Mu mazauna Makka da Jidda mun saba da haƙorin Makka. Alhaji ya gama aikin Hajji, ya shiga wurin mai sa haƙori, a ɗaura masa na azurfa ko na zinariya a kan nasa, kafin la'asar ya fito yana washe baki. Da irin wannan tunanin mutane da yawa suke tunkarar dashen haƙori, wanda Larabawa ke ce wa zira'a, kuma daga nan ɓarakar take farawa.

Dashe tiyata ce. Ƙusa mai zare ta ƙarfen taitaniyam ake murzawa cikin ƙashin muƙamuƙi, sai ƙashin ya tofo ya manne mata kafin ta iya ɗaukar tauna. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya fara yi wa mutum a 1965. Mannewar kan ci wata 3 zuwa 6, kuma muƙamuƙin sama ya fi jinkiri saboda ƙashinsa ya fi taushi.

Wani kawuna ya zo Umra, aka dasa masa biyu a wani ƙaramin asibiti a Jidda, bayan kwana goma ya hau jirgi. Na ce, "Kawu, wa zai riƙa duba maka a gida?" Ya ce, "Haba ɗana, abin da ba ya ciwo?" Da ɗayan ya fara girgiɗa, likitan da ya gani a Kano ya tambayi sunan kamfanin ƙusar, Kawu bai sani ba. Straumann daban, Nobel Biocare daban, Osstem daban, kowanne da irin makullin da ke kwance shi. Kada ka bar asibiti sai da katin da ke ɗauke da sunan kamfani da girman ƙusar, da hoton ƙashin da aka ɗauka.

Maganar Kawu ita ce kuskuren da ya fi kowanne tsada, wato jiran ciwo. Ƙusa ba ta da jijiya. Ƙwayoyin cuta na iya cin ƙashin da ke kewaye da ita wata da watanni, mutum yana cin mandinsa, shinkafa da nama, hankali kwance. Abin lura shi ne jini a buroshi, dasashi ya kumbura ya yi ja, warin da kurkura ba ta kore shi, mugunya idan an danna, ko dasashi ya janye har ƙarfe ya leƙo.

Idan kumburin a dasashi kaɗai ya tsaya, da sauƙi: likita ya kankare dattin, ya rubuta ruwan kurkure baki na kilohekzidin, wurin ya warke sarai. In ya kai ƙashi, labari ya canza. Sai an tsaga dasashi an wanke zaren ƙusar, wani lokaci a cika ramin da garin ƙashi a rufe. Ƙusar da kanta take motsi kuwa ba ta gyaruwa, cire ta ake yi, a cika gurbin, a jira watanni kafin a sake dasawa ko a koma ga gada, wato haƙorin da ake jingina wa haƙoran da ke gefensa. Amma ba kowane girgiɗa ne mutuwar dashe ba. Sau da yawa ɗan ƙaramin notin da ke riƙe da kan haƙorin a bisa ƙusar ne ya saki, a ɗaure shi a zama ɗaya. Na Kawu ma haka ya kasance. Hoto ne ke bambancewa, don haka a daina jijjiga shi da yatsa ana gwadawa.

Sai kuskure na gaba, ɓoye wa likita gaskiya. Mai ciwon suga ya ce lafiyarsa ƙalau don kada a fasa masa aiki, alhali sugan da ya yi sama yana hana rauni warkewa. A fara da gwajin da ake kira tarakumi, mai nuna yadda suga ya kasance a wata 3 da suka wuce. Taba tana rage jinin da ke isa dasashi, kuma shisha da shamma duk taba ce, ko da an ji nauyin faɗa. Mai shan maganin tsinka jini ko na ƙarfafa ƙashi shi ma ya faɗa tun kafin a taɓa bakinsa.

Kanumfari da ruwan gishiri suna kwantar da zafi ne kawai. Ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka tsinta a durowa ma haka, ga shi tun 2018 Saudiyya ta tsaurara hana sayar da shi ba takardar likita.

Aswaki sunna ne, a ci gaba da yi, sai dai ba ya shiga tsakanin dashe da maƙwabcinsa. Nan aikin zaren sakace ne ko ɗan siririn buroshi, kullum dare. Fasa ƙashi da busasshen goro a bar wa yara. Wanda matarsa ta ce yana gurzar haƙora cikin barci, ya sa a auna masa robar kwana.

Abu ɗaya ne ba a kwana da shi. Idan washegarin dashe leɓen ƙasa ko haɓa yana nan a mace, kamar allurar kashe zafi ba ta sake shi ba, mai yiwuwa ƙusar ta danne jijiyar muƙamuƙi. A koma wurin likitan a ranar, in ba a same shi ba a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya.