Kafin ka sa wa gidanka kuɗi: inda masu gida ke yin kuskure

Yawancin masu gida a Kano idan za su sayar, lissafinsu ɗaya ne: wai gidan wane na bayan layi an sayar miliyan 60 bara, nawa ya fi nasa kyau, don haka nawa 80. Shikenan an gama ƙiyasi. Sai gida ya shekara a hannun dillalai ana ta kawo masu kallo, kowa ya leƙa ya ce zai dawo.

Matsalar farko tana cikin wannan "wai" ɗin. Kuɗin da aka sa wa gida daban, tayin da aka yi daban, kuɗin da aka sallama kuma daban, kuma wanda ke yawo a majalisa kusan kullum na farkon ne. A nan babu wani wuri da za ka buɗe kai tsaye ka ga nawa aka sayar da kowane gida, har kuɗin da ake rubutawa a takardar ciniki wani lokaci ana rage shi saboda haraji. Don haka sai ka bi sawu, ka tambayi wanda ya yi shaida, ko mai unguwa, ko dillalin da ya karɓi la'ada a cinikin, ban da wanda ya ji a bakin wani. Kuma ciniki ɗaya ba ya isa, nemi uku ko huɗu na kwanan nan a unguwarku. Ka tambayi dalilin sayarwar ma, gidan gado da magada suka matsu a raba ko na wanda bashi ya taso wa yakan tafi a ƙasa da kuɗinsa, shi kuma maƙwabcin da ke son faɗaɗa gidansa zai iya biyan abin da ba wanda zai biya.

Sai kwatanta abin da bai yi kama ba. Gida mai ɗaki huɗu a Nasarawa GRA da mai ɗaki huɗu a Ɗorayi ɗakunan ne kawai suka zo ɗaya. Ko a unguwa ɗaya, na bakin titi da na cikin lungu da mota ba ta shiga ba ɗaya ba ne, haka na kan kwana, haka wanda ruwa ke kwanciya a ƙofarsa duk watan Agusta. Mai saye mai wayo da damina yake zuwa duba gida, ya kalli gindin katanga ya ga inda danshi ya kai.

Amma babban kuskuren, wanda na fi son a tsaya a kai, shi ne ɗaukar gida a matsayin abu guda. Abu biyu ne, fili da gini, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Fili ne ke tashi idan gari ya matso, aka yi kwalta, aka kawo transifoma. Gini kuwa tsufa yake, kwano na tsatsa, wayarin na lalacewa, soakaway na cika, tayil ɗin da ake yayi shekara 15 da suka wuce yanzu mai saye cire shi zai yi. To ka raba lissafin: nawa ake sayar da fili ƙafa 50 da 100 babu komai a kai a layinku yau, sannan nawa za a kashe a yi irin gininka yanzu, sai ka cire na tsufa da gyara. Mu ce fili miliyan 25, ginin sabo zai ci 40, gyara da tsufa sun cinye 15, ka ga kana wajen 50. Ka ɗora wannan kusa da cinikin nan uku da ka tattara, in sun yi nisa da juna to akwai inda ka zarce. Wani tsohon gidan ma filin kawai ake saye, katafila za a sa masa, mai shi kuma yana nan yana lissafa fi-o-fi da ƙofar da ya yo oda daga Turkiyya.

Akwai kuma maganar naira. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, tsohon lissafi ya canza. Dala da ke wajen 750 a kasuwar bayan fage farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, buhun siminti ya ninka. Wanda ya sayi gida miliyan 30 farkon 2023 ya sayar 45 yana murnar riba, ya je ya gwada gina irinsa da kuɗin ya gani. Sai dai wasu kuma sun faɗa ɗaya ramin, suna ninka kuɗin gida daidai da yadda dala ta ninka. Gida ba ya bin dala sak, saboda mai sayen da naira yake samu kuma albashinsa bai ninka ba. Haka nan tashin da aka gani a 2023 da 2024 ba doka ba ce da za ka ja layi ka ce kowace shekara haka za ta yi.

Takarda kuma, mutane na raina ta sai ranar ciniki. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filin birni yana hannun gwamna ne, kuma canjin mallaka na buƙatar amincewarsa. Gida mai C of O, wato satifiket ɗin mallakar fili na gwamnati, a awon gwamnati da gida a awon igiya mai takardar dagaci kawai ba kuɗinsu ɗaya ba ko da gininsu iri ɗaya ne, banki ma mai C of O ɗin kawai zai kalla. In cinikin da kake kwatantawa da shi mai satifiket ne kai kuma ba ka da shi, rage. Ka leƙa KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, ka tabbatar da matsayin fayil ɗinka da bashin kuɗin ƙasa tun kafin mai saye ya gano maka.

Dillali yana da amfani amma la'adarsa yake kallo, wani zai zuga ka da babban kuɗi don ka ba shi gidan, bayan wata uku ya dawo yana cewa Alhaji kasuwa ta mutu a rage. In gidan babba ne, ko na gado da za a raba, ko za a kai banki, biya ƙwararren mai ƙiyasin kadara mai rajista ya rubuta maka rahoto da hatiminsa, kotu da banki irin wannan suke karɓa.