Yadda na gyara kakkarwar filafilin Girinland

Na yi makonni ina fama da filafilin katako na tuƙa kayak, wato ƙaramin kwalekwale, irin na mutanen Inuwit na Girinland, siriri mai baki biyu wanda faɗinsa bai kai santimita 9 ba. Duk lokacin da na ja shi, sai ya yi ta kakkarwa a cikin ruwa yana tayar da kumfa, kayak ɗin kuwa ba ya cin gaba sosai. Laifin nawa ne, domin ina tsoma shi a tsaye kamar yadda na saba da faffaɗan filafilin zamani.

Gyaran ya fara ne daga riƙo. Na zagaye sandar tsakiya da babban yatsa da manuni, sauran yatsun uku suka kwanta a gindin bakin, abin da ya karkatar da gefensa na sama zuwa gaba. Da farko na ji kamar zai janyo ni cikin teku, amma kakkarwar ta tsaya nan take. Daga baya na koyi nutsar da bakin gaba ɗaya kafin in ja, ina juya ƙugu da ƙirji maimakon wahalar da damatsa, ina kuma fitar da shi bayan ya wuce kwankwasona.