Hanyar digirin digirgir a fannin addini: abin da na gani daga Garwa zuwa Ngaundere

Tun da na kare kundin bincikena a gaban alƙalan jami'a, da wuya a sauko Juma'a wani matashi bai tare ni a bakin masallacin unguwarmu ba: "Malam, ni ma ina son in yi dakta a fannin addini, ta ina zan fara?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ka fara da takardunka. Jami'o'in Kamaru suna bin tsarin lisans (digiri na farko) shekara 3, mastar (digiri na biyu) shekara 2, doktora (digirin digirgir) shekara 3. Ukun nan ta ƙarshe a takarda take. Ni sai da na ci biyar. Mastar ɗinka ta kasance ta bincike, wadda aka rubuta kundi aka kare shi. Idan kuma a waje ka yi karatu, kamar Azhar ta Alƙahira, ko Jami'ar Musulunci ta Madina, ko ta Say a Nijar, ko Jami'ar Sarki Faisal ta Njamena inda na yi lisans ɗina, dole ka nemi takardar daidaita shaida, wadda muke kira ekibalans, daga ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde. Ka kai shaidunka na Larabci wurin mai fassara da aka rantsar tun da wuri, kada ka bari sai an buɗe ɗaukar ɗalibai.

Sai wurin karatu. Mai son zurfafa a fiƙihu ko hadisi ko tafsiri da harshen Larabci, hanyarsa Misira ce ko Saudiyya, ko Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ga wanda Turancinsa ya zauna. Khartum da 'yan'uwanmu da yawa suka yi karatu a cikinta, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula hanyarta. Mai son ya zauna gida kusa da iyalinsa, akwai jami'o'in Ngaundere da Marwa, kuma a nan yawanci ta ƙofar tarihi ko Larabci ko ilimin zamantakewa ake shiga nazarin addini. Ni ta tarihi na shiga.

Abin da ya fi ba ni wuya, kuma shi na fi son ka ji, shi ne bambancin karatun zaure da bincike. Na sauke Alƙur'ani, na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a gaban mahaifina, na ɗauka na gama da rabin aiki. Babin farko da na kai wa malamin da ke duba ni, ya dawo mini da shi jajir da biro. A gefen kusan kowane shafi ya rubuta tambaya guda: wa ya faɗi wannan, a wane littafi, a wane shafi? A wani wurin kuma ya ce, "Wannan wa'azi ne, ka ajiye shi sai ranar Juma'a." Raina ya sosu, amma gaskiyarsa ce. A zaure kana karɓa ne da ladabi daga wanda ka amince da shi. A kundi kuwa kai za ka kawo hujja, ka kawo ta wanda ya saɓa maka, ka auna su a gaban mai karatu wanda wataƙila ba addininku ɗaya ba. Wannan bai rage mini imani ko ƙwayar zarra ba, sai dai ya koya mini in daina faɗin abin da ban bincika ba.

Batun da za ka zaɓa ya zama ƙarami, kuma na ƙasarku. "Musulunci a Afirka" ba batu ba ne, teku ne. Ni na tsaya kan littattafan da malaman gari ɗaya suke karantarwa a zaurukansu cikin ƙarni na 20. Ƙasar nan cike take da abin bincike: tun da Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Adamawa, ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, irin na Garwa, Marwa, Ngaundere, Tibati, Banyo da Rey-Buba suka tara alƙalai da modibbai, wato malamai, kuma rubuce-rubucensu na nan a gidajen jikoki. Kafin ka tsaida batu, ka karanta abin da marigayi Eldridge Mohammadou ya tattara na tarihin baka, da aikin Farfesa Hamadou Adama kan Musulunci a Kamaru, don kada ka ɓata shekara kana tono rijiyar da wani ya riga ya haƙa.

Malamin da zai duba kundinka ya zama farfesa ko mai biye masa a muƙami. Kafin ka roƙe shi, ka tambayi ɗalibansa a asirce: yana karanta abin da aka ba shi? Wata nawa babi yake yi a hannunsa? Malami mai tsanani da yake karantawa ya fi mai fara'a da ba ya ɗaga waya.

Shiga gidajen malamai kuwa sai da haƙuri. Wani dattijo sau huɗu ina zuwa gaishe shi da goro, ban ambaci takarda ba. A zuwa na biyar ya sa jikansa ya ɗauko gafaka daga ƙarƙashin gado. Da ya kwance igiyar fatar, ƙura ta tashi, ga takardu warwatse, gara ta cinye gefen wasu. Babu lambar shafi, sai kalma guda da marubucin ya ajiye a ƙasan kowace takarda, wadda ita ce farkon ta gaba. Da ita muka yini muna jera su. Tsakanin layukan Larabcin akwai fassarar Fillanci da ajami, da ƙananan baƙaƙe. Na ce, "Baba, a ba ni izini in ɗauki hoto?" Ya ce, "Ɗauka ɗana, amma ko takarda ɗaya ba za ta fita zauren nan ba." Kada ka taɓa neman aron irin wannan. Ka ɗauki hoto, ka rubuta sunan mai shi da ranar, kuma idan ka gama ka kai masa kwafi.

Harsuna uku za su yi maka aiki: Larabci don tushe, Faransanci don rubutu da takardun zamanin Turawa da ke ma'ajiyar ƙasa a Yawunde, Fillanci don hira da tsofaffi. Wanda ya fi rauni a cikinsu, ka fara gyara shi tun yau. Nawa Faransanci ne, sai da na biya wani malamin sakandare yana bin rubutuna layi-layi.

Kuɗi ma a yi maganarsu a fili da iyali. Kuɗin rajista ba shi ne babba ba; mota, jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, masauki, da buga kundi kwafi da yawa su ne suke cinye aljihu. Kuma ka riƙa aika wa kanka aikinka ta imel duk mako. A shekarata ta uku wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini kwamfuta, babi biyu suka tafi, wata huɗu na yi ina sake su.

Ranar kare kundi za a ba ka mintoci kaɗan ka gabatar, sannan alƙalan su yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada jawabin a gaban abokai da agogo a hannu har sau uku. Ka tafi da biro da takarda, ka rubuta kowace gyara da suka faɗa, domin ba za a karɓi kwafin ƙarshe ba sai ka shigar da su.