Shawara ga 'yan uwa marasa takarda a Italiya

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda yake Italiya ba shi da takardar zama, kada tsoron kamu ya sa ya yi ta fama da ciwo a ɗaki yana haɗiyar farasitamol. Dokar shige da fice ta 1998, sashe na 35, ta hana ma'aikatan lafiya kai rahoton majiyyaci don kawai ba shi da takarda.

Ka je ofishin lafiya na yankinku, wanda suke kira ASL, ko asibitin gwamnati, ka ce kana son lambar STP, wato lambar jinya da ake ba baƙo marar takarda. Tana aiki wata 6, ana kuma sabuntawa. Da ita za a duba ka a ciwon gaggawa da wanda ba ya jira, har da awon ciki, haihuwa, rigakafin yara da maganin tarin fuka. In aljihu babu nauyi, ka nemi takardar shaidar rashin hali ka sa hannu.

Wani ma'aikacin zai nuna bai san zancen ba. Kada ka yi zuciya, ka rubuta STP a takarda ka miƙa masa, ko ka tafi da mai jin Italiyanci.

Wanda ya riga ya nemi mafaka kuwa, cikakkiyar rajista a tsarin lafiyar gwamnati ce hakkinsa, da likitansa na kansa. In abu ya yi tsanani, a kira 118, lambar motar asibiti ta gaggawa.